Kayan Ɗaki Sun Fi Ƙarfin Talaka: Ko Bagwai Za Ta Waiwayi Daɓe Da Makuba?

Daga Wakilinmu

Da zarar an kau da amfanin gona, sanyin hunturu ya fara sauka, sai ƙasar Bagwai ta shiga lokacin bukukuwa. A cikin garin Bagwai da Kiyawa da Gadanya da Romo da Rimin Dako, da sauran garuruwan wannan Ƙaramar Hukuma da ke arewa maso yamma da birnin Kano, da wuya mako ya wuce ba a ɗaura aure ba. Jama'a su taru, a yi fatiha, a raba goro, a watse. To, amma akwai mutum guda a cikin taron wanda dariyarsa ba ta kai ciki ba, shi ne uban amarya. Gama ya san cewa akwai ɗakin da za a kai yarinya, kuma al'ada ta ɗora masa cika shi, shi da uwarta.

Wannan ba damuwar manomi kaɗai ba ce. Malamin makarantar firamare, da akawun sakatariya, da ma'aikacin asibiti, duk suna cikinta. Haka kuma ɗalibin da ke shirin gama karatu ya nemi aure, shi ma ɗaki yana jiransa, watau gini da shafe da ƙofa da rufi. Tambayar da ke gabanmu ita ce, yaya mai ƙaramin ƙarfi zai ƙawata ɗaki a irin wannan zamani ba tare da ya jefa kansa cikin bashi ba? Amsar da za mu duba a nan ba daga wata ƙasa aka kawo ta ba. Tana nan a Bagwai, a gindin ɗorawa da hannun tsofaffin mata.

Yadda tsada ta zo

Ma'aikata ba sa bukatar a tuna musu da abin da ya faru a aljihunsu, amma yana da kyau a jera al'amuran bi da bi.  Ran 29 ga Mayu na 2023 ne Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuma cikin watan Yuni na wannan shekara aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar Amurka da ake canzawa kan kimanin Naira 460 a farashin hukuma ta haura Naira 1,500 cikin Fabrairu na 2024. A wannan watan ne buhun siminti, wanda ake saye kan kimanin Naira 5,000 a 2023, ya wuce Naira 10,000 a wurare da yawa, har sai da Gwamnatin Tarayya ta kira masu kamfanonin siminti aka zauna. Ya zuwa Disamba na 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100.

Gaskiya ne an ƙara albashi. Cikin Yuli na 2024 aka sa hannu kan dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, Gwamnatin Jihar Kano kuma ta tsayar da nata kan Naira 71,000. Gaskiya ne kuma hauhawar ta sassauta daga baya. Amma sassauta gudu daban, komawa baya daban. Kusan duk abin da ake sa wa ɗakin amarya na zamani yana da jibi da Dala ko da man fetur. Soson katifa da na kujera da sinadaran waje ake yinsa. Fenti da leda da labulen roba 'ya'yan man fetur ne. Katako kuwa daga kudu ake ɗoro shi a mota, ya sauka Kano, sa'an nan a sake biyan wata motar ta kai shi Bagwai.

Shi manomi nasa ciwon biyu ne. Cikin 2025 farashin masara da shinkafa da gero ya faɗi warwas, alhali kuwa takin zamani bai sauko ba. Mai saye a birni ya ji daɗi, amma wanda zai aurar da 'ya da kuɗin hatsi sai ya ga cewa gadon nan da kafinta ya yi wa kuɗi yana bukatar buhuna fiye da na da.

Abin da ke cikin haɗari

Wani zai ce ai maganar ado ce, ba ta kai a yi mata sharhi a jarida ba. Wanda ya san ƙasar ba zai faɗi haka ba. A ƙidayar 2006 an sami mutane fiye da 160,000 a Ƙaramar Hukumar Bagwai, a cikin fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 400. Watau tun a wancan lokaci kowace murabba'in kilomita tana ɗauke da mutum kusan 400, kuma an hayayyafa ƙwarai bayan haka. Tun cikin shekarun 1960 wani masani na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Michael Mortimore, ya nuna cewa a karkarar da ke kewaye da birnin Kano ana noma kusan kowane taki na ƙasa kowace shekara ba hutu, da taimakon takin gida da jakuna ke kaiwa gona. A irin wannan ƙasa ba sauran daji da mutum zai je ya sara. Gona gado ce, kuma kullum aka raba gado ƙara tsukewa take yi.

Saboda haka idan lokacin biki ya matso, kuɗi suka gaza, abin da ake bi sananne ne. A fara da kwasar adashi, a sayar da tumaki da awaki na uwar amarya, a taɓa hatsin da aka ajiye don ci. In abin bai isa ba a sayar da bijimin huɗa. In har yanzu da saura, sai a jinginar da gona, ko fegin noman rani da ke ƙarƙashin madatsar ruwa ta Watari, wadda aka gina tsakanin 1977 da 1980, wadda kuma ita ce dogaron gidaje da yawa a lokacin rani. Gonar da aka jinginar kuwa ba kullum take dawowa ba. Kujera takan yi 'yan shekaru ta zube, soso ya lotse, amma gonar da aka bayar dominta ita ce abincin ƙannen amarya. Wannan shi ne abin da ke cikin haɗari, tare da 'yan matan da ke zaune a gida aure ya jinkirta don ba kayan ɗaki, da waɗanda aka kai da ɗan abin da ya samu, gori ya hana su sakat a gidan miji.

Yadda ake yi a da

Ba a taɓa kai amaryar Bahaushe ɗaki tsirara ba. Bambancin shi ne, a da mafi yawan adon ɗaki aikin hannu ne, kuma daga gona da bakin rafi ake samo kayan aikin.

A ɗauki daɓe. Idan magini ya gama ɗaki, sai a kawo birji a baza a ƙasa, a yayyafa ruwa. Sa'an nan a yi gayyar mata, kowace ta zo da madaɓinta, su jeru suna bugu tare suna waƙa, har ƙasa ta kwanta ta yi sumul. Daga nan sai a kawo ruwan makuba, watau ɓawon ɗorawa da aka jiƙa ko aka dafa, a riƙa shafawa ana sake bugu, yau da gobe, har daɓen ya yi ja-ja-baƙi yana ƙyalli. Wasu sukan yi amfani da bagaruwa. Daɓen da aka yi da kyau ba ya tashin ƙura, yana sharuwa, kuma yana da sanyi a ƙafa lokacin bazara. Abin da maigida zai kashe bai wuce abincin 'yan gayya da goro ba. Wadda aka yi wa yau, ita ma gobe za ta je ta yi wa wata, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bango kuma a yaɓe shi da ƙasa mai laushi, a goge, a shafa farar ƙasa, a ja masa layi da jar ƙasa daga ƙasa. Ta waje a yi shafen makuba don ruwan sama. Masu hali a birni sukan yi laso, wanda ake haɗawa da katsi na karofi da dafara da gashin dabba, shi ne simintin Hausawa kafin zuwan na Bature. Magina kan yi zane a jikin bango tun ƙasa na ɗanye, irin su dagi da sauran siffofi, kamar yadda mai karatu zai iya gani a Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da tsofaffin gidajen birnin Zariya, garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a cikin ƙarni na 19.

Sai jere. Ƙorai masu zane, da akusa, da faya-fayi masu launi, da tasoshi, a jera su bisa juna ko a rataye a ragaya. A shimfiɗa tabarmar kaba, a sa asabari a ƙofa, a ajiye adudu na tufafi, a girke randa da tulu. Mutanen Bagwai ba su da nisa da Dawakin Tofa, garin da ya yi suna wajen ginin tukwane. Gado kuwa na ƙasa ne ko na kara. Littafin nan na tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, ya nuna yadda dangi da ƙawaye ke haɗa hannu wajen kayan amarya, kowa da abin da zai kawo.

Yadda aka bar shi

Kada a ɗauka cewa dare ɗaya aka yi watsi da wannan. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗi suka fara shiga hannun manoma, kantunan Turawa da na Kwarori kuma suka kawo kwanonin langa masu fure. Langa ta ture ƙwarya daga jere, har ya zama darajar amarya ana auna ta da yawan kwanonin da suka rufe bango. Daga baya tangaran ya ture langa, gadon ƙarfe ya ture na ƙasa, kabet mai gilashi ya ture ragaya.

Babban juyi ya zo ne da arzikin man fetur. A farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji tare da ariyas, kasuwanni suka cika da rediyo da babura da kujerun kushin. A wannan shekara ce gwamnati ta yi odar siminti mai yawan da ya sa ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi cirko-cirko a tashar Ikko. Siminti da kwanon rufi suka zama alamar ci gaba, ginin ƙasa da daɓe suka zama alamar ƙauyanci. Mu ma'aikata mu ne muka kai wannan ra'ayi ƙauye, gama abin da aka gani a ɗakin matar malam ko matar akawu shi kowace uwa ke so wa 'yarta.

Da kuɗin mai suka ja baya, Gwamnatin Shehu Shagari ta kawo matakan tsuke bakin aljihu a 1982, ta Janar Babangida kuma ta kawo shirin gyaran tattalin arziki a 1986, sai aljihu ya tsuke amma buri bai tsuke ba. Tun daga lokacin kullum ƙari ake yi: leda, kafet, tayil, saitin gado da madubi, kujeru, labule bango guda, kayan kicin, ga kuma kayan gara. Abin da aka rasa a tsakani shi ne gayya. Aikin da unguwa ke yi da hannu ya koma kan mutum guda ya biya da kuɗi.

Abin da hannu zai iya

Ba muna cewa a koma gadon kara da fitilar aci-balbal ba ne. Zamani riga ne. Abin da hankali zai kama shi ne a raba kayan ɗaki gida biyu: waɗanda tilas sai an saya, da waɗanda hannu zai iya yi. Gado mai ƙwari, da katifa, da ƙofa mai makulli, da tukwanen girki, da 'yar fitila mai aiki da hasken rana, waɗannan sai kasuwa. Gidan sauro mai magani ana rabawa kyauta lokaci-lokaci, kuma ya fi kowane labule amfani a ƙasar da ke bakin dam. Sauran kuwa, watau ƙasa da bango da rufi da shimfiɗa, su ne suka fi cin kuɗi, kuma su ne hannu ya fi iyawa.

Na farko, ƙasan ɗaki. Wanda ba shi da kuɗin buhunan siminti ya yi daɓe. Ko da yana da niyyar shimfiɗa leda, daɓe mai kyau shi zai hana ta yagewa, gama ledar da aka shimfiɗa kan ƙasa mai gargada ba ta shekara. Sai dai a ɗaga ƙasan ɗakin ya fi tsakar gida tudu, a yi dokin ƙofa, don kada ruwa ya shiga.

Na biyu, bango. A nan akwai kuskuren da ya zama ruwan dare, watau a shafe bangon ƙasa da siminti don a ce an waye. Ƙasa da siminti ba sa kama juna da kyau. Bayan 'yan damuna sai shafen ya tsage, ruwa ya shiga ta bayansa ya rasa hanyar fita, ya jiƙa bangon daga ciki alhali waje na nuna lafiya lau. Gidaje da yawa da ke faɗuwa cikin Agusta ta haka suke fara ciwo. Bangon ƙasa yaɓen ƙasa yake so, da makuba ta waje, da farar ƙasa ta ciki, a kuma riƙa sabuntawa kafin damina. In akwai ɗan siminti, gara a kashe shi a gindin bango inda ruwa ke duka, da wurin da indararo ke zuba. Farar ƙasa tana haskaka ɗaki ƙwarai, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na fenti ba.

Na uku, rufi. Ɗakin kwano marar silin tanda ne da rana, ƙanƙara ne da daren hunturu. Asabari ko zana ko tabarmar kaba da aka ɗaure a ƙarƙashin kwano suna rage zafi ƙwarai, kuma suna da kyaun gani in an ja su sun miƙe. Wasu kan ɗinka buhuna ko su yi amfani da kwali. Wannan yana yi, amma a yi hattara da wuta, musamman kyandir da maganin sauro na kunnawa, a kuma wanke buhun taki sosai kafin a rataya shi bisa kan mutane. Haka nan kada a yarda a yi ɗaki ba taga. Cutar sanƙarau ta fi yaɗuwa lokacin zafi a ɗakunan da ke da cunkoso ba iska. Tagogi biyu masu duban juna sun fi kowace kujera daraja.

Na huɗu, shimfiɗa da rataye. Ƙyallayen da ke zube a shagon tela, in aka haɗa su da tsari, suna zama zanen gado da rigunan matashi. Yadi kaɗan daga Kantin Kwari ya ishi labule in yarinya ta iya ɗinki. Saƙar da 'yan mata ke yi wa huluna da kayan jarirai ita ce dai za ta yi marufin kwano da adon tebur. Faya-fayi masu launi da ƙorai masu zane, waɗanda muka raina, su ne manyan otal-otal na Abuja da Kano ke saye suna kafawa a bango don baƙi su gani. Katako biyu da kafinta zai kafa a bango sun isa jere, ba sai kabet ba. Dakalin ƙasa da aka shafe, aka ɗora masa tabarma da matasai, wurin zama ne da ba ya karyewa.

Inda gizo ke saƙa

Sharhi ba zai cika ba in an ɓoye wahalar abin. Cikas na farko shi ne kayan aikin kansu sun fara wuya. Ɗorawa tana daɗewa kafin ta yi 'ya'ya, ana sare tsofaffi don itace, ba a kuma dasa sababbi yadda ya kamata. Gamba da tsaure da ake zana da asabari suna raguwa, tun da an nome har iyakokin gonaki. Giginyar da ake azara da ita ta yi ƙaranci. Ƙasar gini ma sai an haƙa, kuma kowane kududdufi da aka bari a tsakiyar gari gidan sauro ne, haɗari ne kuma ga yara.

Na biyu, sanin yana tafiya tare da masu shi. Matan da suka san yawan ruwan da birji ke so, da kwanakin da makuba ke yi a jiƙe, yawancinsu sun tsufa. Ba a rubuce yake ba, ba a kuwa koyar da shi a makaranta.

Na uku, aikin yana son kulawa. Daɓe da yaɓe ba a yi sau ɗaya a manta. Gara mai cin itace tana son zana da asabari, sai ana dubawa. Mai son hutu ba zai ji daɗinsu ba.

Na huɗu kuwa, wanda ya fi duka, shi ne bakin mutane. Ranar jere dangin ango da 'yan ganin ɗaki za su shigo, idanu na yawo, kuma abin da suka faɗa shi zai bi yarinya shekara da shekaru. Tsoron wannan rana ne ke sa uwa ta ci bashin da ta san ba ta iya biya, har wasu su ari kaya a jera, bayan biki a zo a kwashe. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Muddin ana auna mutuncin amarya da kuɗin kujerunta, to ko daɓe ya yi ƙyallin madubi ba za a yaba ba.

Addini da hukuma

Abin mamaki shi ne, nauyin nan da ke karya iyaye ba shari'a ce ta ɗora shi ba. Ciyarwa da tufatarwa da wurin zama suna kan miji. A mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da malamai suka ce shi ne amarya ta yi kayan ɗaki gwargwadon sadakin da ta karɓa. Ruwayoyi sun nuna cewa kayan da aka kai Nana Faɗima da su gidan Sayyidina Ali, Allah ya yarda da su, ba su wuce mayafi da matashin kai na fata da salkar ruwa da dutsen niƙa da tuluna ba. Wace amarya ce ta fi ta daraja?

Ita ma hukuma ta gane cewa kayan ɗaki na cikin abin da ke tare aure. Tun 2012, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, Hukumar Hisba ta fara aurar da zawarawa da taimakon gwamnati. Cikin Oktoba na 2023 Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗaura auren mutum 1,800 da matansu, bayan ta ware fiye da Naira miliyan 800, ta biya sadakin Naira 50,000 ga kowace amarya, ta ba da gado da katifa da ɗan jari. Wannan taimako ne, waɗanda suka samu kuma sun gode. Amma in aka raba 1,800 ga ƙananan hukumomi 44 na jihar, kowace ba za ta sami fiye da kimanin 40 ba. Auren da ake ɗaurawa a ƙasar Bagwai cikin kaka guda ya ninka haka. Baitulmali ba zai iya cika ɗakin kowace amarya ba. Abin da zai kai ga kowa shi ne a rage tsadar ɗakin kansa.

Darasi daga maƙwabta

Masu ganin aikin ƙasa ƙauyanci ne ya kamata su leƙa maƙwabta. A Tiyebele, kudancin Burkina Faso, mata ne ke zana bangon gidaje da ƙasa mai launi, su shafe da ruwan ɓawon ɗorawa, watau makubar nan tamu. Cikin 2024 Hukumar UNESCO ta sa fadar garin cikin jerin kayan tarihin duniya, kamar yadda ta sa tsohon birnin Agadas a 2013. A Jamhuriyar Nijar, masallacin ƙasa na garin Yama da ke jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya gina, ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Shi kuwa Francis Kéré, ɗan ƙauyen Gando a Burkina Faso, da makarantar firamare ta bulon ƙasa ya fara, wadda mutanen ƙauyen suka gina da gayya, ga shi a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, mafi girma a fagen zanen gine-gine. Duk waɗannan ba su ƙi zamani ba. Sun ɗauki abin da suka gada ne suka gyara shi.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, Ƙaramar Hukumar Bagwai, ta hannun sashenta na kyautata jin daɗin jama'a, tana iya tara tsofaffin mata masu sanin daɓe da magina na gargajiya, a biya su su koyar a cibiyoyin mata da makarantun Islamiyya na matan aure. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na bikin buɗe ofis guda ba.

Na biyu, duk lokacin da za a raba dashen itatuwa, a sa ɗorawa da bagaruwa da giginya a ciki, kada a tsaya kan darbejiya kaɗai. Ɗorawa guda tana ba da kalwa ta daddawa, da garin sha, da makuba, da inuwa.

Na uku, in gwamnati za ta sake auren gata, a ba kafintoci da masaƙa tabarma da maginan tukwane na kowace ƙaramar hukuma aikin kayan amaren yankinsu, don kuɗin su tsaya a ƙauye.

Na huɗu, ɗalibanmu na Jami'ar Bayero da ta Wudil da Kwalejin Fasaha ta Kano, masu karatun gini da zane, su fita ƙauye su rubuta wannan sani tun masu shi na da rai, su auna shi, su gano yadda za a sa daɓe ya ƙara ƙarko, gara kuma ta bar asabari. Cibiyar binciken gini da hanyoyi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana aiki kan bulon ƙasa da ake matsawa da inji. Ya kamata sakamakon ya fito daga ofis ya iso Bagwai.

Na biyar, hakimi da dagatai da limamai su zauna da iyaye mata, gama su ne masu jere, su ne kuma masu gori, a yi yarjejeniya kan abin da ya isa ɗakin amarya a garinsu. Dokar da aka rubuta a birni ba ta shiga ɗakin amarya, amma maganar da unguwa ta amince da ita tana shiga.

Daga ƙarshe sai mu ma'aikata da 'yan makaranta. Mu aka kwaikwaya lokacin da aka bar daɓe, mu kuma za a kwaikwaya in za a dawo masa. Ranar da shugaban makaranta ko sakataren mulki ya kai 'yarsa ɗaki mai farar ƙasa da asabari da faya-fayi, ya ba ta ragowar kuɗin ta yi jari ko ta ci gaba da karatu, ya kuma tsaya a gaban jama'a bai sunkuyar da kai ba, ranar ce manomin Gogori ko na Badau zai sami ƙarfin halin riƙe gonarsa. Daidai ruwa, daidai tsaki. Allah ya ba amarenmu zaman lafiya a ɗakunansu, ya kuma rufa wa iyayensu asiri.